Tagar Ɗakin Baba

Ranar da aka tare a sabon gida kowa ya sami ɗakinsa, ban da mutumin da kuɗinsa ya yi wa gidan rufi.

Baba na tsaye a tsakar gida, jakar tufafinsa a hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma riƙe da tsohuwar jakar da yake ajiye cokalin gini da igiyar awo. Shekara arba'in ya yi yana gina wa mutane gidaje, har bayansa ya ranƙwafa. Da ginin babban ɗansa ya tsaya a linta kuɗi suka ƙare, shi ya sayar da ɗan gidansa mai ɗaki uku ya miƙa kuɗin kaf, a kan magana guda: za a ba shi ɗakin da ke kusa da falo, mai banɗaki a ciki, ya ƙarasa kwanakinsa a nan. Shi da kansa ya ja igiyar awon ɗakin, ya sa aka fitar da tagarsa ta gabas don hantsi ya riƙa shigo masa.

Babban ɗan nasa manaja ne a wani kamfanin sayar da kayan wuta. Tun ranar da aka ba shi kujerar, sunansa na yanka ya ɓace. Matarsa Manaja take ce masa, abokansa Manaja, har uban da ya haife shi ya bi sahu, don ya lura in ba haka aka kira shi ba, ba ya saurin waiwayowa.

Da masu sauke kaya suka tafi, Baba ya nufi ɗakinsa. Ya tura ƙofa ta ƙi buɗuwa sosai. Ya leƙa ya ga kwalaye jibge har kusa da silin, ga katifu a jingine, ga ragowar bokitan fenti.

"Baba, zo mu ɗan yi magana," in ji Manaja daga bayansa.

Ya ja shi har bakin get, ya zaro wata takarda daga aljihu ya warware ta kamar mai shirin karanta hukunci.

"Kai da ka san harkar gini ba sai an gaya maka ba. Gama gini daban, shiga gida daban. Wallahi ban taɓa zaton akwai kashe-kashe irin wannan bayan an sa makulli ba. Duba nan: mitar wuta, tankin ruwa, labule, fitilu, daɓen tsakar gida. Ga mai gadi. Ka ga unguwar nan sabuwa ce, gidaje tsilli-tsilli, ɓarayi har wayar wuta suke zarewa daga bango. To albashin mai gadi kaɗai ya isa ya karya ni a yanzu."

"Allah ya rufa asiri," in ji Baba.

"Amin. Shi ne na ce, tunda kai dama ba mai yawan barci ba ne, ka ɗan zauna a ɗakin nan na bakin get. Wata ɗaya tak. Kafin nan an kwashe kayan can, na samo mai gadi."

Baba ya dubi ɗakin. Bai fi a shimfiɗa katifa a ajiye buta ba. Babu silin, kwanon rufi ne kawai a sama. Inda ya kamata a ce taga take, rami ne murabba'i yana kallon titi. Ya shiga ya ɗora bayan hannunsa a bango, yadda ake taɓa goshin mai zazzaɓi. Sanyi ƙalau.

"Filastar nan ba ta sha iska ba," ya ce. "Kuma ramin banɗaki a bayan bangon nan kuka haƙa shi. Na faɗa tun lokacin, danshi zai riƙa hawowa."

"Duk za a gyara. Ka ga ma tagar tana cikin lissafi." Manaja ya nuna ƙasan takardar da ɗan yatsa. "Ga ta nan, lamba goma sha huɗu."

Baba bai iya boko sosai ba, amma ya san lamba. Ya ga ita ce ta ƙarshe. Ya kuma ga an ja layi an soke lamba shida, wato mai gadi, da biro irin wanda aka rubuta sauran da shi. Ashe tun kafin a tambaye shi an riga an cire albashin. Ya yi kamar bai gani ba, ya ajiye jakunkunansa ya ce, "Wata ɗaya ai kamar gobe ne."

Wata ɗaya ya zo ya wuce, aka sa labule. Ba labulen wasa ba, mai ruɓi biyu, na ciki shara-shara, na waje mai nauyin da sai mutum biyu ke ɗaga shi. Matar Manaja ta fito da safe tana kallon tagoginta daga waje, hannu a ƙugu, sai ta hangi Baba yana kafa buhun siminti a ramin tagarsa da ƙusa.

"Baba, kun tashi lafiya? Ya ƙarfin jiki?"

"Da godiya, 'yata."

"Ku yi haƙuri da maganar tagar nan. Kun san gida babu labule tsirara yake, kowa ya wuce sai ya ga cikinka. Shi ya sa muka fara da shi."

Ta faɗi haka tana tsaye a gaban ramin da duk mai wucewa ke hango katifar surukinta ta cikinsa, kuma ko gezau ba ta yi ba. Mace ce mai ladabin baki. Ba ta taɓa wuce Baba ba ta durƙusa ba, ba ta kuma taɓa leƙa ɗakin nan ba. Abincinsa a kan matakalar baranda take ajiyewa ta ƙwala masa kira, don ta lura takalminsa na kwaso jar ƙasa ya bar sawu a kan tayil.

A wata na biyu aka kafa tanki aka jawo mita. A na uku aka shimfiɗe tsakar gida da bulo mai ado, aka dasa furanni a gefen katanga. Duk ƙarshen wata Manaja yakan sake rubuta takardarsa, kuma wani abin mamaki, duk abin da aka gama aka cire, sai biyu sun maye gurbinsa. Tagar da ta fara da lamba goma sha huɗu ta koma sha bakwai.

Aikin Baba kuwa ya zauna daram. Da sassafe hon ɗin mota, ya zare sakata ya ja ƙarfen get, wanda nauyinsa ya fi ƙarfin ƙashin bayansa. Da rana matar gida za ta fita, hon. Ta dawo, hon. Da yamma Manaja ya dawo, hon uku a jere, in Baba ya yi jinkiri a ƙara na huɗu mai tsawo. Shi ke shara, shi ke ba furanni ruwa, don an ce zaman banza ba ya yi wa tsoho kyau, motsa jiki magani ne. Duk wanda zai ci amanarka sai ya fara zama likitanka.

Sai damina ta sauka. Abin da Baba ya faɗa ya tabbata: danshi ya hau bangon baya har tsayin ƙugu, ya yi baƙi, ya fara fumfuna. In ana ruwa da iska, buhun siminti ba ya tare komai, feshin sai ya kai tsakiyar katifa. Ya ɗora katifar a kan ragowar bulo huɗu da katako, ya riƙa shanya bargonsa duk ranar da rana ta leƙo. Tari ya fara masa kaɗan-kaɗan, irin wanda ake cewa zai wuce.

Wata ranar hutu ya sami Manaja a baranda yana shan shayi yana latsa waya. Ya tsaya daga ƙasan matakala, don ya riga ya koyi iyakarsa.

"Manaja, na ce ba sai an kira kowa ba. Ka sayo mini taga ko ta hannu ce, da rabin buhun siminti. Ni zan kafa abata, kafin azahar na gama. Hannuna bai mutu ba tukuna."

Manaja ya ajiye kofi ya yi murmushin da yake yi wa masu kawo ƙorafi a ofis.

"Haba Baba. Tagar nan fa titi take kallo. In aka sa wata iri daban, ta ɓata fasalin gidan gaba ɗaya. Sai dai a yi odar irin na sauran, mai gilashi mai duhu. Ka ga gara a yi abu sau ɗaya a yi shi da kyau."

"To ɗakin nawa na ciki fa? Na ga an kwashe kwalayen."

"Af, ban gaya maka ba? An ɗan sa gado a ciki saboda baƙi. Mutum a matsayina ba zai rasa ɗakin baƙi ba, sai a yi da ni. Amma naka ne, Baba, ai naka ne. A dai samu mai gadi tukuna."

Baba ya juya. Bai kai get ba matar gida ta biyo shi da muryarta mai zaƙi.

"Baba, na ce buhun nan da kuka rataya, ko za ku riƙa cire shi da rana? Daga titi ba ya kyan gani. Jiya ƙawata ta ce ta ɗauka ba a gama ginin ba."

"Ai ba a gama ba, 'yata," in ji Baba.

Ta yi dariya, wai Baba akwai barkwanci. Shi kuwa ya je ya cire buhun.

Auta ce ta fara ɗaga murya a kan maganar. Ita ce ƙanwar Manaja, tela ce, tana zaune a ɗakin haya ciki da falo da mijinta da 'ya'ya uku, can ɗaya gefen gari, mota biyu ake hawa kafin a zo. Ta zo duba mahaifinta ta same shi zaune a kan bulo yana tari, ta shiga ɗakin ta fito tana toshe hanci.

"Baba, a nan kake kwana? Wata biyar?"

"Ni na zaɓa. Na fi son nan, ina shan iska, ina ganin mutane."

"Iska? Baba, dubi bangon nan fa. Ko akuya aka ɗaure a nan sai an yi wa mai ita magana."

"Ki rage murya. Yayanki yana da hidima da yawa."

Bai san me ya sa ya yi ƙaryar ba. Ko da yake ya sani: in ya yarda an wulaƙanta shi, ya yarda ke nan cewa ɗan da ya goya a kafaɗa, ya biya wa makaranta da kuɗin ɗaukar bulo, shi ne ya yi. Wannan ya fi danshin bango ciwo.

Auta ba ta rage murya ba. Ta wuce ciki da takalminta, har kan tayil. Baba na jiyo su daga inda yake.

"Yaya, ka ji tsoron Allah. Gadon da babu mai kwana a kai yana cikin ɗaki mai banɗaki, ubanka yana kwana a jikin ramin masai?"

"Ke, ki iya bakinki. Kin san abin da gidan nan ya ci? Kin san abin da yake ci har yanzu? Bulo nawa kika sa a ciki?"

"Rufin da ke kanka gidan ubanmu ne. Da rabona a ciki, ban ce komai ba."

"To in kin fi ni tausayi ki ɗauke shi mana. Ki kai shi ɗakin hayarki ku kwana ku shida."

Ta fito tana share hawaye da gefen mayafi, ta ce wa Baba ya tashi su tafi. Ya ƙi. Ya ce idan ya tafi wa zai buɗe get, kuma ai an kusa, tagar tana cikin lissafi. Ta dube shi ta girgiza kai, ta cire ɗan kuɗin motarta ta saya masa maganin tari, ta taka rabin hanya a ƙasa.

A wata na shida aka rataya fitila mai rassa a falo, wadda aka ce daga waje aka kawo ta, sannan Manaja ya gayyato mutanen ofis su zo ganin gida. Tun safe aka sa Baba ya share ƙofar gida, ya cire buhu, ya tura katifarsa lungu inda ba za a hango ta ba. Wajen la'asar hadari ya haɗu, motoci suka fara isowa ruwa na sauka. Mota bakwai, kowace sai an buɗe an rufe, don Manaja ya ce kada a bar get a hangame. Baba ya jiƙe sharkaf, rigarsa ta manne a ƙashin haƙarƙarinsa.

Da za su tafi, shugaban kamfanin, wani mai tumbi da ƙamshin turare, ya tsaya a bakin motarsa Manaja na riƙe masa da laima. Ya yafito Baba, ya zaro takardar kuɗi ya danƙa masa.

"Ungo, tsoho, ka sha shayi." Ya juya. "Manaja, gida ya yi kyau, sai dai mai gadin nan naka ya tsufa da yawa. Ina ka samo shi?"

Baba ya ɗaga ido ya dubi ɗansa. Kalma biyu kawai ake bukata: mahaifina ne. Yaron da aka koya wa magana a kan cinya bai rasa kalma biyu ba.

Manaja ya yi 'yar dariya ya gyara riƙon laima. "Ya tsufa, yallabai, amma akwai amana."

"Ai shi ne babba," in ji mai tumbi, ya shiga mota.

Baba ya ja get ya buɗe musu, ya rufe, ya sa sakata. Kuɗin na dunƙule a hannunsa har suka jiƙe. Manaja ya wuce ciki da laimarsa, bai dubi gefen da uban yake ba. Daga baya, da matar ta kawo ragowar abincin baƙi ta ajiye a matakala, ta ce, "Baba, kada ku sa komai a rai. Kun san manyan nan, in ya ce ku ne mahaifinsa sai a yi ta tambayoyi, a fassara abin wani iri." Wato ta san akwai abin da za a fassara.

Kwana uku bayan haka zazzaɓi ya kwantar da shi. Ya lallaɓa ya buɗe get da safe, ya koma ya kwanta, numfashi na yi masa kamar ana soka masa ƙusa a gefen ƙirji. Kwanon abincin rana ya yini a matakala, ƙudaje na bi, babu wanda ya tambayi dalili. Da yamma ya ji hon. Ɗaya, biyu, uku. Ya yunƙura, ƙafafu suka ce ba su san zancen ba. Na huɗu mai tsawo ya biyo, sannan na biyar. Ya ji an buɗe ƙofar mota an buga ta da ƙarfi, an zuro hannu ta ƙaramar ƙofa ana kokawa da sakata.

"Baba! Wai barci kake yi da yamman nan? Dubi yadda takalmina ya..."

Maganar ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin. Wannan ne karo na farko da Manaja ya sa ƙafa a ciki tun ranar da aka tare, kuma abin da ya fara yi shi ne toshe hanci.

A asibiti likita ta saurari ƙirjin Baba ta daɗe, ta ce sanyi ya kama huhunsa duka biyu, ta tambayi inda yake kwana.

"A gidana," in ji Manaja da sauri. "Sabon gida ne, ko shekara bai yi ba."

"A ɗakin mai gadi," in ji Auta, wadda ta iso a guje da zare manne a zaninta. "Babu taga, babu silin, bango na tsatsar ruwa."

Likita ta dubi Manaja daga agogon hannunsa har takalminsa, ta ci gaba da rubutu.

Mako uku Baba ya yi a kwance. Auta ta rufe kekenta ta tare a gefen gadonsa. Manaja ya zo sau biyu, kowane zuwa da 'ya'yan itace a leda da kuma labarin yadda wannan jinya ta zo masa ba shiri, ba ta cikin lissafi ko kaɗan. Matarsa ta aiko da gaisuwa mai yawa, ta ce warin asibiti na tayar mata da zuciya. Da aka sallame shi, Auta ba ta nemi shawarar kowa ba ta wuce da shi gidanta. Mijinta ya kwashe kujerun falo ya shimfiɗa masa katifa a gindin taga, jikoki suka koma ciki suna kwana a jere.

Kwana biyu da fitowar Baba, Manaja ya bugo waya. Bayan gaisuwa ya ce, "Af, Baba, albishirinka. An sa tagar nan."

Baba ya riƙe wayar ya daɗe bayan an kashe. Fuskarsa ta washe yadda Auta ta manta rabon da ta ga ta yi.

"Ba na gaya miki ba? Yayanki ba mugu ba ne, hidima ce ta yi masa yawa. Ciwon nan ya farkar da shi. Gobe ki raka ni in koma, na takura muku."

"Baba, ba ka takura wa kowa ba."

"Ki dai raka ni."

Suka isa da hantsi. Tun daga nesa ya hango ta: taga mai gilashi mai duhu, irin na sauran gidan sak, har da ragar sauro. An yi wa ɗakin fenti. Baba ya ƙara sauri har Auta na cewa ya bi a hankali. Ya tura ƙaramar ƙofa ya ji ta a kulle. Ya ƙwanƙwasa.

Wani ƙaƙƙarfan mutum mai kimanin shekara arba'in ya buɗe, sanye da riga mai maɓallan ƙarfe, ya tare hanya da jikinsa.

"Sannu, baba. Wa ake nema?"

Baba ya dube shi. Auta za ta yi magana ya matse mata hannu.

"Ni magini ne," ya ce. "Na ga an yi aiki a ɗakin nan, shi ne na ce bari in duba hannun wanda ya yi."

Mai gadin, da yake zaman kaɗaici ya ishe shi, ya yi murna da samun abokin hira. Ya matsa ya ba su hanya. Baba ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin. An sa silin fari tas, da fanka a tsakiya. An kankare bangon baya an sake shafe shi da siminti mai maganin danshi. Ga gado na ƙarfe, ga ƙwan fitila. Ya shafa gefen tagar da tafin hannu, ya duba ta da ido ɗaya. An kafa ta daidai, babu abin kushewa.

"Yaushe aka yi?"

"Yau kwana goma sha takwas. Kwana biyu kacal aka yi ana aikin." Mai gadin ya yi dariya. "Ranar da na zo na ga ɗakin, na ce wa maigidan, yallabai, ga makullinka. Ni ba zan kwana a kabari da raina ba. Taga, silin, fanka, a gyara bango, albashi kuma ranar ashirin da biyar ga wata, in ba haka ba akwai gidaje uku a layin nan da ke nemana. Ai kafin yamma an kawo ma'aikata. Ka san masu kuɗin nan, ba sa son buɗe get da hannunsu."

Baba ya ƙirga a zuciyarsa. Kwana goma sha takwas. Yana kwance ana ƙara masa iska ta hanci ke nan lokacin da ake ɗaura fanka.

"Kafin kai, wa ke zaune a nan?"

"Wani tsoho, aka ce. Wai wata shida ya yi a haka, kuma ko sisi ba a biyansa. Ga ma jakarsa can an ce in zubar, na ga kayan aiki ne na ajiye." Ya girgiza kai. "Ni dai na ce duk wanda ya yarda ya zauna a ɗakin nan yadda na same shi, ba shi da kowa a duniya."

"Yana da ɗa," in ji Baba.

"To ɗan bai san inda ubansa yake ba. Da ya sani ai da an yi tashin hankali a gidan nan."

Sai ga hon daga waje. Ɗaya, biyu, uku. Kafin Baba ya ankara ƙafafunsa sun yi taku biyu wajen sakata, hannunsa ya miƙa. Ya tsaya ya dubi hannun kamar na wani, ya mayar da shi aljihu. Mai gadin ya ja get da hannu ɗaya, ba tare da gaggawa ba, kuma ba a ƙara hon na huɗu ba.

Manaja ne ya dawo ɗaukar wasu takardu da ya manta. Ya sauke gilashi, fuska cike da fara'a.

"A'a, Baba! Ka zo? Ka ga tagar ko? Ba na ce maka za a yi ba?"

Mai gadin ya dubi Manaja, ya dubi tsohon, ya sake duban Manaja. Hannunsa ya sauka daga jikin get a hankali.

"Na gani," in ji Baba. "An kafa ta daidai. Ɗakina na ciki fa?"

Manaja ya sosa ƙeya. "To, ka ga yanzu ga albashin mai gadi, ga abin da asibiti ya ci, kuma ƙanin madam zai zo ya ɗan zauna a ɗakin kafin ya sami aiki. Ka ɗan ƙara hutawa wajen Auta. Wata ɗaya tak, in na daidaita lissafi..."

"Lamba nawa ka sa ni?"

"Na'am?"

Baba bai maimaita ba. Ya shiga ɗakin ya ɗauko jakarsa, ya buɗe ya ga cokalin gini da igiyar awo suna nan, ya rataya ta a kafaɗa. A bakin ƙaramar ƙofa ya tsaya gaban mai gadin, wanda ya sunkuyar da kai ya rasa inda zai sa idonsa.

"Baba, ka yafe ni. Wallahi ban sani ba."

"Ba ka faɗi ƙarya ba, ɗana. Shawara ɗaya zan ba ka. Ka riƙa karɓar albashinka ranar ashirin da biyar, kada ka ɗaga musu ko kwana ɗaya. Ranar da ka yi musu kyauta, ranar za su cire tagar."

Ya kama hannun Auta suka fita titi. Manaja na kiran "Baba, tsaya mana in sauke ku a hanya," amma bai fito daga motar ba.